Mun Yi Baƙo

A bazarar Sakkwato ba a ɗora ruwan wankan jariri a wuta. Bokiti kawai za ki ajiye a tsakar gida, kafin hantsi ya ɗaga rana ta dafa miki shi, har sai kin sirka da na randa. Sirkin nan nake yi, ɗiyata tana kwance a tabarma tana ƙoƙarin kai babban yatsan ƙafarta baki, sai wayar Inna ta shigo. Watan ɗiyar tawa biyar da 'yan kwanaki a lokacin. Ita ce ta fari, ita kaɗai ce kuma.

Inna ita ta haife ni. Tana zaune a gidanmu na Ƙofar Marke tare da yayana da matarsa da 'yarsu mai shekara uku, ni kuma aure ya kawo ni Minanata. Duk ranar Juma'a can nake wuni.

"Ke ɗiyag ga, kina ji na?"

"Ina jin ki, Inna. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Mun yi baƙo. Gobe ki dakata da zuwa, ke da ƙawata, hal shi tahi."

Ƙawarta ita ce ɗiyata. Haka take kiranta tun ranar suna.

"Wane baƙo na, Inna?"

Ta ce, "Baƙo dai. Na bazara." Sai ta kashe. Inna ba ta sallama a waya. In ta faɗi abin da ke bakinta, ta gama.

Ni kuwa dariya na yi. Muna da wani kawu, ƙanin Inna, manomi a bayan Wamakko. Duk shekara idan an cire albasa, zafi ya kankama, sai ga shi a kan babur da buhu a baya, ya yi mana kwanaki yana cika zaure da labari. Bai sami zuwa suna ba, bai taɓa ganin ɗiyata ba. Wane baƙon bazara gare mu in ba shi ba? Cewa in dakata kuwa, na ɗauka kara ce irin ta Inna: ta san in na ji Kawu ya zo sai na shiga wahalar girki, ga goyo ga zafi.

Da maigidana ya dawo daga kasuwa, inda yake sayar da yadi, na ba shi labari. Ya ce, "In Inna ta ce ki dakata, ai sai ki dakata."

"Kawu na hwa! In ya koma bai ga yarinya ba, sai baɗi."

"Ku dai da kawun nan naku, kamar ku kaɗai anka yi wa kawu a Sakkwato. To ki ce mai shi aje min albasata."

Washegari na turara dambu da zogale, mai yaji da man ƙuli, yadda Kawu yake so. Na sa wa ɗiyata 'yar rigarta mai ruwan ɗorawa, na ja mata kwalli, na goya ta muka hau napep.

Babu babur a zaure, babu takalman baƙo, babu ko warin albasa. Na gani, amma na ce wa raina ya wuce masallaci da wuri. Na yi sallama, matar Yaya ta amsa daga can bayan ɗakuna inda take wanki. Na wuce ɗakin Inna kai tsaye kamar yadda na saba. An rufe taga, an kuma rataya zane a kanta. Wanda ya fito daga irin hasken ranar nan ya shiga ɗaki haka, ko tafin hannunsa ba ya gani. Bayana ya jiƙe sharkaf, don haka na kwance goyo na kwantar da ɗiyata a gadon Inna, kusa da wani tudu da na ɗauka tulin wanki ne.

Tudun ya motsa. "Goggo," in ji wata 'yar murya a shaƙe.

'Yar Yaya ce. Na ce, "A'a, sarauniyar barci, hal yanzu ba ki tashi ba? To ga ƙanwarki nan, ki duba min ita." Tana son ɗiyata kamar ta haɗiye ta. Na ji ta matso, ta yi tari, ta fara yi mata 'yar waƙar da take yi mata kullum. Na fita na kai dambu madafi, na wanke fuska, na tsaya a bakin randa ina shan ruwa a hankali, ina jin daɗin sanyinsa.

A nan Inna ta same ni. Ta dawo daga maƙwabta da tsamiya a ƙwarya. Tana ganina ƙwaryar ta suɓuce mata.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mi yak kawo ki? Ina yarinya?"

"Tana ɗaki. Ina Kawu?"

"Wane Kawu?"

Inna tana fama da ciwon gwiwa, sallah ma a zaune take yi. Ranar na ga ta yi gudu. Ta fito da ɗiyata ta ɗaga ta sama kamar wadda ta tsamo daga ruwan zafi, ta miƙa mini, sannan ta koma ta yaye zanen taga. Haske ya faɗa kan gado. Fuskar 'yar Yaya ta kumbura, idanunta sun yi jawur sun liƙe da kwantsa, leɓenta ya tsattsage. Ƙananan ƙuraje sun taso daga bayan kunnenta sun rufe wuya sun gangara ƙirji, kamar an watsa mata gero.

Na ce, "Ƙyanda!"

Inna ta rufe mini baki da tafin hannunta, mai ƙanshin tsamiya. "Ba a kiran suna. Ba a kiran suna cikin gidan da shike. Na ce miki mun yi baƙo, ban ce miki ba?"

Ta ce mini. Wannan ne abin da har yau nake juyawa a raina. Na san ƙyanda. Na karanta ta a sakandare, na rubuta alamominta a jarrabawa. Na sha jin masu labarai a rediyo suna cewa baƙon dauro. Amma baƙo haka kawai, babu dauro babu komai, ban taɓa ji ba. Ina zan ji? Tun da na yi wayo cutar ba ta taɓa shiga gidanmu ba, domin Inna ta kai mu an yi mana allura, ni da Yaya. Kalmar ta kwanta a bakinta shekara da shekaru ba ta da dalilin fitowa. Ita ta ɗauka duk wanda ya sha nononta ya san ta. Ni kuma na ɗauka baƙo shi ne mai zuwa a kan babur.

Matar Yaya ta fito da kumfa a hannu, ta ga abin da ya faru, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Na tambaye ta, ba da faɗa ba, ko ba a yi wa yarinyar rigakafi ba ne.

"An yi mata mana! Dut sadda masu zagayawa sunka zo sai na hito da ita sun ɗiga mata a baki. Ban taɓa ɓoye ta ba, Inna shaida ta."

Inna ta tura ni zaure. "Tahi. Kada ki tsaya ko shan ruwa." Na baro dambun a madafi, ban san wanda ya ci ba.

Ranar Litinin, ana buɗe ƙaramin asibitin unguwarmu, ni ce ta farko a benci. Akwai wata Sista a can, babbar mace mai tabarau a kan hanci, wadda ta yi wa ɗiyata allurorinta na farko. Ba ta iya magana ba tare da tsokana ba. Tana ganina ta ce, "Uwar 'yar gwal, yau kuma mi? Ta yi atishawa sau biyu?" Da na ba ta labari ta cire tabarau ta ajiye.

"Wata nawa gare ta?"

"Biyar da kwanaki."

"Ta yi ƙanƙanta. Allurar ƙyanda sai wata tara, a sake a wata goma sha biyar. In cuta ta ɓarke akan sauko da ita har ga 'yan wata shida, to taki ko nan ba ta kai ba. Ke an yi miki kina ƙarama?"

Na ce an yi.

"To kin ɗan ba ta guzuri tun tana ciki. Sai dai guzuri ƙarewa yake yi. Ko saura ya rage mata ko bai rage ba, Allah masani."

Na ce ai ba su daɗe tare ba, ruwa kawai na sha na wanke fuska. Ina so ta ce mini hakan bai isa ba. Ba ta ce ba. Ta ce abin a iska yake, ba sai an taɓa juna ba. Mai cutar zai yi tari ya bar ɗaki, wani ya shigo bayansa ya shaƙa. Tun ƙuraje ba su fito ba yaro yake rabawa, ana ta cewa mura ce. In kuma ta shiga cikin yaran da ba a yi wa allura ba, da wuya ta tsallake ɗaya.

Na faɗa mata abin da matar Yaya ta ce. Ta girgiza kai.

"Kullum sai na ji wannan. Na baki daban, na shan inna ne. Na ƙyanda allura ce a dantse. Uwa ta kawo yaro a yi masa na farkon nan na jarirai, a ce ta dawo in ya yi wata tara. Kafin lokacin ya yi ƙiba, yana rarrafe, ga masu ɗigawa suna zuwa har gida, sai ta ga ai an gama. Ba mugunta ba ce." Ta leƙa fuskar ɗiyata, ta ja mata kumatu. "Irin waɗannan ƙananan, yayyensu ne darninsu, shingen da ke kare su. In an yi wa yaran gida, da na maƙwabta, da na Islamiyya, ta ina cuta za ta biyo ta iso gare su? Amma darni in ya ɓalle wuri ɗaya, akuya ba ta tambayar gonar wa ta shiga."

Ta ce in koma gida, in ci gaba da ba ta nono, kada in kai ta cikin yara. In za ta kamu, mako ɗaya zuwa biyu za a gani. Da zarar jiki ya yi zafi in kawo ta.

Ban san yadda zan kwatanta kwanakin nan ba. Lafiyarta lau, tana dariya, tana tofar da yawu, ni kuwa ina kallonta kamar tukunyar da aka ɗora a bakin katanga. Ina ba ta nono ina leƙa bayan kunnenta. Ina yi mata wanka ina leƙawa. Tana barci in tashe ta in leƙa. Maigidana ya ce, "Wallahi in ba ki bar kunnen nan ba, cirewa zai yi ya bi ki." Ya faɗa yana dariya, amma na sha ganin shi ma yana ɗora bayan hannunsa a goshinta in ya zaci ba na kallo. Bai taɓa ce mini ai na faɗa miki ki dakata ba. Ko sau ɗaya.

Labarin Ƙofar Marke ta waya nake ji. 'Yar Yaya ta fara samun sauƙi, ta nemi kunu. Amma baƙon ya tsallaka katanga ya shiga gidan maƙwabta, ya bi layi, ya shiga ajin ƙananan yara na Islamiyya. Wani gida a bayan na Inna an shimfiɗa tabarmin gaisuwar mutuwa a ƙofa. Sai ma'aikata suka zo da akwatunan sanyi suka zauna a ƙofar mai unguwa, ana shela da lasifika. Yaya ya ce matarsa ta wuni tana shiga gida-gida tana jan yaran mutane a hannu, tana ce wa iyayensu, "Ba na baki ba, na dantse. Ku duba ɗiyata ku gani."

Har na fara sakin jiki. Na ce guzurin ya kai ta. Sai wata safiya na ɗauke ta na ji kamar na ɗauki dutsen guga.

Zazzaɓi, majina, tari, idanu suna ruwa, tana kau da kai daga haske. Na ruga wurin Sista. Wannan karon babu tsokana. Ta fasa wata 'yar ƙwaya mai mai ta matse mata a baki, ta ce don kare ido ne, ta ba ni maganin zafin jiki. Sannan ta ɗaga rigar ɗiyata ta ɗora yatsana a ƙasan haƙarƙarinta. "Nan za ki riƙa kallo, ba ƙuraje ba. In kika ga nan yana lotsawa in ta ja numfashi, ko tana haki, ko ta ƙi nono, kada ki biyo ta nan. Wuce babban asibiti."

Ranar da ƙurajen suka fito a bayan kunne, inda na yi ta nema, Inna ta iso Minanata da ƙullin kayanta. Ba ta taɓa kwana gidana ba, surukuta ba ta bari. Ta gaisa da maigidana a tsaitsaye, kowa yana kallon ƙasa, ta shige ɗaki ta karɓi ƙawarta.

Ta zo da dokokinta. Ba a yi wa mai baƙo wanka. Ba a barin iska ta buge shi. A ba shi ruwan tsamiya don ƙuraje su fito duka. Sama da komai, ba a yi masa allura. Ni kuma Sista ta ce in riƙa goge mata jiki da ruwa mai ɗumi, in bar iska ta shiga, kada in ba ta komai sai nono. Ban iya musu da Inna ba, ban kuma iya bin ta ba. Sai muka shiga wani irin zama. In ta fita alwala in buɗe taga, in na shiga madafi ta rufe. In ta jiƙa tsamiya in ce bari ta huce, in shanye rabi in zubar da rabi. Ta sani, na san ta sani.

Ga kuma kunya. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ya dame ta. Tun da na haihu, in Inna tana wuri, "yarinyar nan" nake cewa, kamar 'yar maƙwabta aka ba ni riƙo. Yanzu ga ta tana ƙuna a hannun Inna, ni ina gefe ina tsince shinkafar da babu mai ci.

Wata azahar an ɗauke wuta, Inna tana yi mata fifita, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Kin san ke ba ta biyu ba ta. Ta huɗu ta."

Na san an yi wasu kafin Yaya sun koma, amma ba a taɓa gaya mini yadda aka yi ba.

"Muna ƙauye sannan. Bazara guda yat tahi da su, mace da namiji. Macen ba ta ko jima ba. Namijin kuwa ƙuraje sun hito mai da kyau, hal yana neman hura. Sai babanku, Allah shi jiƙanai, yak kai shi wurin wani mai allura ranar kasuwa, don shi samu ƙarhi. Kahin la'asar ƙurajen sun yi baƙi sun koma ciki. Ƙirjinai yana ta bugawa awa ganga." Ta sauya maficin zuwa ɗaya hannun. "Uwar mijina ta ce mun wulaƙanta baƙo, mun tsikare shi da ƙarhe. Ni ko da bakina na kira sunanai a tsakar gida ranar da yaz zo."

Na ce, "To Inna, mi ya sa kinka kai mu anka yi muna allura, ni da Yaya?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Wancan ai kahin shi zo na. Ruhe ƙohwa daban, korar wanda yar riga yaz zauna daban. Da ƙahwa na taka na kai ku, babanku bai ko sani ba. Amma in ya shigo, sai lallashi. Baƙo raɓa na, in an kyautata mai shina tahiya."

Na matsa na zauna kusa da ita, gwiwata tana taɓa tata, muka yi ta kallon yarinyar.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, na sa ta a nono ta kau da kai. Na sake sa ta, ta kama ta saki. Bakinta a buɗe, ƙofofin hancinta suna buɗewa suna rufewa, kowane numfashi da ɗan gurnani a ƙarshensa. Na ɗaga rigarta. Wurin da Sista ta ɗora yatsana yana lotsawa, har ana iya zuba ruwa a ciki.

Inna ta leƙo. Ƙurajen sun yi duhu. Na ga fuskar Inna ta canza. "Shina komawa ciki," in ji ta. "Kawo bargo. Kawo tsamiya."

"Asibiti za mu, Inna."

"Allura za su yi mata."

"Za su yi."

"Ke ba ki ji abin da nig gaya miki ba?"

"Na ji." Na ƙanƙame yarinyar. "Na ji, Inna. Amma ɗiyata ta. Ɗiyata ta, ita ɗai gare ni." Na kira sunanta, sunan nan da ban taɓa furtawa a gaban Inna ba, na yi ta kira ina kuka, ina sumbatar goshinta mai ƙuraje.

Inna ta tsaya da bargo a hannu. Na ga leɓenta yana motsi. Sai ta yar da bargon, ta jawo mayafinta.

"Kada ki goya ta, numhwashi ba shi isa. Riƙe ta a ƙirji, ki ɗaga kanta. Wuce mu tahi."

A bakin titi ita ta tare napep da jikinta. Ta ce wa mai tuƙin, "Kai ɗan nan, in ka taɓa gudu a duniya, yi shi yau." Na kira maigidana ya rufe shago ya same mu can. Duk hanya Inna tana riƙe da ƙafar yarinyar tana karanta abin da ta sani.

A babban asibiti wata ma'aikaciya ta tare mu a ƙofar ɗakin gaggawa na yara. "Me ya same ta? Tun yaushe?" Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta sake tambaya. Sai na ji muryar Inna a bayana, a dake, kowane harafi a fili.

"Ƙyanda ta. Ta kama mata ƙirji. Ku taimake mu."

Aka kai mu wani ɗaki can ƙarshen baranda, inda ake keɓe masu irin cutar. Aka sa mata siririyar roba a hanci mai ba da iska. Da suka zo neman jijiya a bayan hannunta, Inna ta juya fuskarta ga bango, amma ba ta saki ƙafar ba. Likitan, wani saurayi mai gajiyayyun idanu, ya ce nimoniya ce, ciwon huhu da yakan biyo bayan ƙyanda, musamman ga ƙanana. Ya ce ƙuraje ba sa komawa ciki, lokacin yin duhunsu ne ya yi, ƙirjin ne ke kashe yara in an makara. Ban juya na dubi Inna ba. Na san ta ji. Na kuma san wanda take tunani.

Ɗakin cike yake da uwaye. Akwai wadda ta zo daga wani ƙauye a gefen gulbi da yara biyu a gado ɗaya. Akwai wadda ɗanta ya kusa shiga firamare, tana ta cewa ita ma ta zaci an gama. Akwai mai jariri ƙasa da tawa. Ba mu tambayi sunan juna ba, amma kowa ta san numfashin ɗan kowa. In wata ta fita sallah, ta kusa da ita ce mai gadi. Wata rana da safe gadon da ke damanmu ya zama babu kowa. Uwar ta ninke zanenta a hankali, kusurwa bisa kusurwa, ta yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya ba namu lafiya. Har yau in na tuna yadda ta ninke zanen nan sai in ajiye abin da nake riƙe da shi.

Ɗiyata ba ta iya tsotso, don haka nake tatsa a kofi ana ba ta ta roba. Idanunta a liƙe. Inna ce mai goge su da auduga da ruwan da aka dafa, kamar yadda aka nuna mata, tana yi tana mita a hankali. "Haba ƙawata, wagga wace irin rowa ta? Na baro gidana na zo, ko kallo ba ki yi min? To in ba ki buɗe ba, na koma wurin waccan ƙawar tawa, ita ta san darajar mutane." Maigidana yana tsaye a bakin taga ta waje, domin ba a barin maza su daɗe, yana tambayata da ido, ina ba shi amsa da kai.

A hankali lotsawar nan ta ragu. Gurnanin ya daina. Fatarta ta fara saɓulewa kamar dusa, tana zuba a zanen gado. Aka cire robar hanci aka ce a gani. Ta yi ta numfashi da kanta, ni ina bin kowane ɗaya kamar ni ke ja mata. Likita ya haska idanunta ya ce bai ga tabo ba. Amma nono ta ƙi. Sau nawa ina sa ta tana kau da kai, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Suka ce ba za su sallame mu ba sai ta kama, domin yaron da ƙyanda ta bari ba ya cin abinci, wata cutar ce ke jiransa a ƙofa.

Ranar da abin ya faru, da walaha ne, ana share baranda. Na ɗauke ta don in canza mata zane, ban ma yi niyyar gwadawa ba, na gaji da ganin ta ƙi. Sai na ji tana goga fuska a ƙirjina, tana ɗan huci kamar kyanwa. Na duba. Idanunta biyu a buɗe, sun faɗa ciki, amma ni suke kallo. Na gyara ta. Ta lalubo, ta kama, ta ja sau ɗaya, ta huta, ta sake ja. Na ji nonon ya sauko har cikin bayana.

Sai wani zafi ya tsarga mini kamar an soka ƙaya. Na yi ƙara har uwayen ɗakin suka juyo.

"Mi na? Mi yaf faru?" Inna ta taso da gwiwarta mai ciwo.

"Cizo na ta yi, Inna."

"Cizo? Da mi?"

Ta wanke yatsa, ta jira yarinyar ta tsaya hutawa, ta zura a bakinta ta shafa dasashi na ƙasa. Ta tsaya. Ta sake shafawa. Sai ta fashe da dariya, hawaye suna bin kumatunta.

"Ja'ira! Ku zo ku gani, jama'a. Mu muna nan muna kuka, ashe ita haƙorinta takai a ɓoye!"

Matar gefen gulbi ta yi guɗa a hankali don kada ta tashi masu barci. Ɗiyata ta ture yatsan Inna da harshe, ta juyo ta sake kamawa, ta sake datsa ɗan haƙorin nan a wuri ɗaya. Zafin ya kai mini har ƙwaƙwalwa. Na cije leɓe, na ƙara matso ta, na bar ta ta sha.